Darasi na 9: Yadda ake sa safar matse ƙafa

Jinin da ya sauka ƙafa dole ya hau ya koma zuciya. A cikin jijiyoyin da ke mayar da shi akwai ƙananan ƙofofi masu hana shi zubowa ƙasa. In suka yi rauni, sai jini ya taru. Da yamma ƙafa ta kumbura, ta yi nauyi, fatar idon sawu ta yi baƙi, wani har gyambo ya fito masa. Mai shayi da mai aski, masu wuni a tsaye, sun san wannan.

Safar asibiti ta fi matse idon sawu, matsin yana raguwa zuwa gwiwa, shi ke tura jini sama. Kada ku saya da ka. Likita zai fara duba ko jini na isa ƙafar sosai, musamman ga mai ciwon suga, sannan a auna ƙafar da tef.

Yaushe ake sa ta? Da safe, kafin ƙafa ta kumbura. Ku maimaita: da safe. In kun tashi sallar asuba, ku koma ku kwanta, ku ɗora ƙafa kan filo na ɗan lokaci, sannan ku sa. Ku juya safar ciki waje har diddige, ku zura yatsu, ku daidaita diddige, ku ja a hankali. Ranar farko da wuya, kowa haka ya fara. Sannu a hankali hannu zai saba.

To, yaushe muka ce? Da safe. Makon jiya wani dattijo ya shigo aji yana cewa safarsa ta yi kaɗan. Na ce, "Baba, yaushe kuka gwada?" Ya ce bayan la'asar. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Kumburarriyar ƙafa ba ta shiga. Ku rubuta a littafinku sau 3: DA SAFE.

Kada a ninke bakin safar, zai shaƙe ƙafa kamar igiya. In yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko launinsu ya canza, a cire nan take a je asibiti.

Darasi na 10: Wanki

A cire da dare. A wanke da hannu, a shanya a inuwa. Bayan wata 6 a sake sabuwa.