Yadda ake haɗa bel mai jan latas a gonar ruwa

Masu noman latas a cikin bututu, wato hydroponics, su na nufa, musamman namu na nan Jos da ke son kaya su isa kasuwar Farin Gada kafin rana ta ɗaga. In layukanka sun yi tsawo, ɗaukar kwando a ka daga ƙarshen gona zuwa wurin ɗauri yana cin lokaci, ganyen ma ya fara laushi. Toh bel ne maganin abin, wato doguwar shimfiɗa mai zagayawa a kan rola da moto ke juyawa, tana jan kaya.

Fara da firam, wato ƙarafan da bel zai zauna a kansu. Ka sa mai walda ya yi shi da ƙarfe galbanayiz don wurin kullum a jiƙe yake, baƙin ƙarfe wata uku tsatsa ta fara ci. Kuma kafin ya ƙarasa waldar ka ɗauki tef da kanka ka auna kusurwa zuwa kusurwa, duka biyun su zo daidai, kar ka yarda da "ai ido ya gani oga".

Bel ɗin ka nemi na roba irin PVC ko PU wanda aka yi don abinci. Tsohon baƙin bel na wurin fasa dutse yana da araha, na sani, amma ni ba na ɗora abin da mutum zai ci ɗanye a kansa.

Moto mai juyi 1400 a minti kar ka haɗa shi kai tsaye, latas zai tashi sama. Sa masa giya mai rage gudu ta 1:60, wato moto ya juya sau 60 rola ta juya sau ɗaya, rola za ta koma juyi 23 a minti, in faɗinta santimita 10 ne bel zai riƙa tafiyar kamar mita 7 a minti, daidai hannun mai yanka.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, ni ma nan na yaga bel ɗina na farko. Kana kunnawa za ka ga bel yana zamewa gefe guda yana gogar firam, sai sabon shiga ya ɗauki sifana ya ɗaure duka notocin tam, wai ya yi sako-sako. Wallahi boris kawai kake kashewa. Gefen da bel ke gudu zuwa gare shi, notinsa kaɗai za ka ɗaure a rolar baya, wadda ba ta da moto, kwatan juyi, ka tsaya ka bar bel ya zagaya sau uku ko huɗu kafin ka sake taɓawa, don ba ya amsawa nan take. In ka yi ta yi bai daidaita ba to firam ne ya karkace, koma wurin mai walda. Bayan ya zauna babu kaya, ɗora kwanduna cike ka sake dubawa, nauyi yana sauya masa hali.

Sauran masu sauƙi ne. Makunnin kashewa a duka ƙarshen biyu inda hannu zai kai, murfi a kan moto da sarƙa saboda ruwa da bakin riga, waya ta bi sama. A wanke bel bayan kowane girbi, saiwa da jiƙaƙƙen ganye in suka manne a rola su ma suna karkatar da shi.