Yadda Ake Karanta Ƙasa Kafin a Kafa Lambu a Gaɓar Tekun Anloga

Manomin da ya saba da fadamun Kano ko lambunan albasa na Galmi da Aliero zai yi mamaki idan aka kai shi Anloga, a kudu maso gabashin Gana, aka nuna masa farin rairayi aka ce masa nan ce gona. Yankin wani siririn zirin ƙasa ne da ya miƙe daga bakin Kogin Volta a wajen Anyanui, ya bi ta Dzita, Anloga, Woe da Tegbi har zuwa Keta, da Tekun Atlantika a kudu da kuma tafkin Keta a arewa. Wannan tafki shi ne mafi girma a irinsa a duk Gana, ruwansa kuma na zartsi ne. A wurare da dama mutum zai taka da ƙafa daga bakin teku zuwa bakin tafki cikin ƙasa da rabin sa'a. A kan wannan ɗan fili al'ummar Anlo, wani reshe na ƙabilar Ewe, suka daɗe suna noman ƙaramar albasa mai fitowa a dunƙule, wadda suke kira sabala, suna ciyar da kasuwanni masu nisa da ita.

Abu na farko da ya kamata mai son lambu a nan ya yi shi ne ya ratsa zirin a ƙafa, daga kudu zuwa arewa, yana duba ƙasa a kowane taki. Bakin teku na masunta ne, a nan suke jan taru suna shanya kifi, kuma iskar da ke kaɗawa tana ɗauke da gishiri mai ƙona ganyen shuka, don haka ba a batun lambu a wurin. Daga nan ƙasa tana ɗagawa ta zama jigawa, inda gidaje da hanyar mota suke, da sauran itatuwan kwakwa. A da kwakwa ce dukiyar wannan tudu, sai wata cuta da aka fara gani a Woe a 1932 ta yi ta kashe itatuwan, abin da ya ƙara tura mutane ga noman albasa. Bayan jigawar ƙasa tana gangarawa a hankali zuwa tafki, kuma a wannan gangare, da cikin ƙananan kwaruruka da ke tsakanin tuddan rairayi, ake samun ainihin lambuna. Idan aka wuce su sai a shiga laka mai gishiri, wurin ciyawar saƙa tabarma da itatuwan bakin ruwa da ake sara a kai kasuwar itace ta Anyanui.

Abin da ya sa lambu yake a gangare, ba a kan tudu ko a bakin laka ba, yana ƙarƙashin ƙasa ne, kuma a nan ya kamata a fi tsayawa. Ruwan saman da ya faɗi a kan rairayi yana nitsewa nan take, ya taru a ƙasa, kuma da yake ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, sai ya zauna a samansa kamar yadda mai yake zama a kan miya. Duk noman yankin a kan wannan ɗan ruwan daɗi mai iyo ya dogara. A kan tudu yana da nisa, a bakin tafki kuma ya yi siriri har ya gauraye da zartsi, amma a tsakiya ana iya cim masa da haƙa kaɗan. Saboda haka, kafin ka yi cinikin fili, ka nemi izini ka haƙa rami, ka ga a ina ruwa ya ɓullo, ka bar shi ya kwanta, sannan ka ɗanɗana. Ka ɗanɗana na rijiyoyin maƙwabta ma, na ɓangaren teku da na ɓangaren tafki, domin filaye biyu da ke kallon juna suna iya bambanta. Lokacin da ya dace da wannan gwaji shi ne ƙarshen rani, wajen Fabrairu zuwa farkon Maris, sa'ad da ruwan ƙasa ya ja baya, don rijiyar da ta yi daɗi a watan Yuni ba ta ba ka labarin komai ba. Ka duba fuskar ƙasar da rana tsaka: idan ka ga wani farin ɓawo mai ƙyalli kamar an barbaɗa kanwa, gishiri ne yake hawowa, albasa kuwa tana cikin shuke-shuken da ba su jure gishiri ko kaɗan.

Kada sunan bakin teku ya ruɗe ka ka ɗauka ruwan sama ya wadata. Wannan gaɓa tana cikin wuraren da suka fi bushewa a kudancin Gana, abin da ake samu a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, wato bai fi na tsakiyar ƙasar Hausa da wani abin kirki ba. Bambancin shi ne damina biyu ce, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba.

Batun mallaka ba a gaggawa a cikinsa. Ƙasar Anlo ta zuriyoyi da iyalai ce, ana gadonta ta wajen uba, kuma gado ya yayyanka filayen lambu har wani yana da 'yan fangaloli ne kawai a nan, wasu kuma can nesa. Baƙo haya yake samu ko noman raba amfani, kuma wanda ya nuna masa fili ba lalle ne shi kaɗai ke da iko da shi ba. Ka nemi dattijon gidan, a yi magana a gaban shaidu, a fayyace wace rijiya ce taka da wadda ake tarayya a kanta. A wannan zama ne kuma za ka tambayi tsofaffi inda ruwan tafki ya tsaya a shekarun ambaliya, domin su ne suka san iyakarsa.

Idan fili ya samu, sai gina fangali. A lambunan Arewa ana yin fangali a ƙwarya ne don ya riƙe ruwa, a nan kuwa ɗaga shi ake yi, dogo kuma siriri yadda hannu zai kai tsakiyarsa daga kowane gefe, da 'yar hanya a tsakanin kowane biyu. Inda ƙasa ta yi kwari sosai, manoma suna ɗebo rairayi daga tudu su ƙara wa fangalin tsayi, don kada saiwa ta zauna cikin ruwa idan damina ta yi ƙarfi. Rairayin kansa ba shi da abincin shuka, aikinsa riƙe saiwa ne kawai, saboda haka taki ne gonar. Ana amfani da kashin shanu da ake sayowa daga makiyayan da ke arewacin tafki, da kashin kaji, da kashin jemage, da ruɓaɓɓen ƙananan kifi. A ganina duk wanda zai rage kuɗi a wannan noma, to kada ya fara da taki, domin takin zamani shi kaɗai wanke shi ruwa yake yi ya wuce ƙasa, ya je ya gurɓata ruwan da ake sha.

Ita wannan albasa ba a yafa irinta a yi dashe kamar yadda ake yi wa ta Galmi. Ƙwayar ake dasawa, a tura ta cikin ƙasa da yatsa har kanta ya kusa ɓuya, a bar tazarar da ba ta kai taki ɗaya na hannu ba, kowace ƙwaya kuma ta haifi dunƙule mai 'ya'ya da yawa. Cikin kimanin wata biyu take nuna, shi ya sa fangali ɗaya yake iya ba da girbi uku a shekara. A tsakanin zagaye, ko a gefen fangali, ana sa kuɓewa, barkono, tumatir da masara, don kada takin da aka zuba ya tafi a banza.

Ban ruwa shi ne wahalar aikin. A tsohuwar hanya, rijiyoyi marasa zurfi suna warwatse a cikin lambu, mutum ya ɗebo da bokiti ya bi fangali yana watsawa, safe da yamma idan rana ta yi zafi, domin rairayi ba ya ajiye laima. Yanzu da yawa sun koma ga bututun da ake kafawa a ƙasa da injin jan ruwa da tiyo, wanda ya ba su damar noma har a kan tudu. Sauƙin gaskiya ne, amma akwai lissafin da ya kamata mai inji ya riƙe: a irin wannan ƙasa, idan saman ruwan daɗi ya sauka da taki ɗaya, ruwan gishirin da ke ƙasa yana iya hawowa har ninki arba'in na wannan. Don haka a ja ruwa kaɗan-kaɗan, a huta, kada a zurfafa bututu don neman ƙari, kuma da zarar ɗanɗano ya canza a dakata. Rijiyar da gishiri ya shiga tana daɗewa ba ta dawo ba, kuma ta maƙwabci ma ba ta tsira.

Saura teku. Tun bayan kammala madatsar Akosombo da ke kan Kogin Volta a 1965 yashin da Volta ke kawowa gaɓa ya ragu, zaizaya kuma ta ci wani babban sashe na garin Keta, har da ɓangaren ganuwar Prinzenstein da 'yan Danmak suka gina a 1784. Katangar duwatsu da aka kammala a farkon shekarun 2000 ta kare wani yanki, amma ƙauyen Fuveme da ke kusa da bakin kogi teku ya kusa shafe shi, kuma a Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta sake shiga gidaje a wannan gaɓa. Inda zirin ya yi siriri kuma babu katanga, kada ka zuba jari mai nauyi ko ka yi haya ta shekaru masu yawa.

Idan ganye ya kwanta ya fara yin rawaya, a daina ban ruwa na 'yan kwanaki, a tuge, a shanya, a ɗaure dami-dami. Kafin mata 'yan sari su zo ranar kasuwar Anloga, ka fara ware irin zagaye na gaba daga mafi ƙwari da lafiya, ka rataye shi inda iska ke shiga, domin iri ne abin da ya fi tsada a lokacin shuka. Ka kuma sa kunne ga farashin babbar albasar da fatake Hausawa ke saukewa daga Nijar a kasuwar Adjen Kotoku da ke wajen birnin Accra, inda aka mai da 'yan albasar kasuwar Agbogbloshie ta cikin Accra a 2021, domin idan ta cika kasuwa ta yi araha, gara ka riƙe taka a rataye na 'yan makonni.