Ambaliya da zaftarewar ƙasa: kurakuran da muke ta maimaitawa duk damina

Toh jama'a, duk shekara in Agusta ya raba labarin ɗaya ne, yau Haɗeja gobe Lokoja jibi Yamai, a yi ta jaje ana raba buhun shinkafa da tabarma. Ruwa ikon Allah ne, babu mai musu, amma wallahi in ka bi labaran da kyau za ka ga da yawa daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su sun ga alama ko an gaya musu, suka ce bari a ɗan jira tukuna. Wannan jiran ne ya fi cin mutane, kuma kusan duk kurakuran da zan kawo daga gare shi suka samo asali.

Na farko dai shi ne mutum ya ɗaga kai ya kalli sama ya ce ai mu nan ba a yi wani ruwan kirki ba, me zai kawo ambaliya? Kogi ba ruwansa da hadarin garinku. Ruwan da zai cinye gonarka a Numan ko Makurɗi mai yiwuwa a Kamaru ya sauka kwanaki da suka wuce, ya cika madatsar Lagdo aka buɗe ƙofofi, ya biyo Binuwai yana tafe sannu a hankali kai kuma kana zaune rana tana dukanka tarwai. Haka aka yi a 2012, inda mutum 363 suka mutu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, haka kuma a 2022 da mamatan suka haura 600. Mutanen Haɗeja da Auyo da Ringim su kuma nasu daga Kano yake zuwa, madatsun Tiga da Challawa in sun cika, ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwan a ƙasa, sai ya rasa inda zai bi ya fantsama cikin gari da gonaki. A Yamai ma ruwan nan mai launin ja da kogi yake kawowa a Satumba yawancinsa daga rafukan da suke gangarowa ta wajen Burkina Faso ne, a 2020 sai da tsayin ruwan kogin Isa, wato kogin Neja, ya kai kimanin mita 7 ya fasa shinge ya shiga unguwanni.

Gyaran wannan ba shi da tsada. A riƙa sauraron rediyo, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya NiMet tana fitar da hasashen ruwan sama, hukumar lura da ruwan koguna NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari tun kafin damina ta kankama. Amma abin da na fi yarda da shi, ku sami lambar wayar wani amintacce a garin da ke sama da ku a kan kogin, sarkin ruwa ko masunci ko ma ɗan'uwa, in ruwa ya ƙaru a wajensu ya buga muku. Sannan a kafa doguwar sanda a bakin ruwa a yi mata zane-zane da fenti, safe da yamma wani ya je ya duba, kuma tun yanzu a yanke shawara cewa in ruwa ya kai zane kaza an tashi, ba sai an sake zama a ƙofar gidan mai unguwa ana gardama ba.

Sai maganar kaya, kuma nan ne zuciya take yaudarar mutum. Ruwa ya shigo tsakar gida ya kai idon sawu, maimakon a fita sai maigida ya ce bari ya ɗora buhunan masara a kan tebur, uwargida tana kwashe kwanukan jere, wani yana neman makullin babur. Ruwan ambaliya ba ya ƙaruwa da lissafinka, yana iya tashi daga ƙauri zuwa ƙirji kafin ka gama ɗaure katifa. Ku tuna Maiduguri, daren wayewar Talata 10 ga Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mutane suna barci ruwa ya same su, ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, kuma wannan madatsar ce dai ta yi irin haka a 1994, wato dattawan garin sun taɓa gani. Mokwa ma a ƙarshen Mayun 2025 da asuba abin ya zo, Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, gawarwakin da aka ƙirga sun wuce 150 banda waɗanda har yau ba a gansu ba. Wanda ruwa ya tasa daga barci ba shi da lokacin haɗa kaya.

Don haka a haɗa tun kafin ranar. Jaka ɗaya tak, a rataye ta kusa da ƙofa: takardun gida da na makaranta da katin ɗan ƙasa a ƙulle cikin leda biyu, maganin mai hawan jini ko ciwon suga, tocila, ashana, caja, da ɗan tsabar kuɗi saboda ranar ba lallai a sami netwok ba balle mai POS. Hatsi in da hali a kai gidan ɗan'uwa da ke kan tudu tun farkon Agusta. A raba aiki, wane shi zai goya Kaka, wance ita za ta riƙe yara, kowa ya san inda za a haɗu, makarantar firamare ce ko masallacin Juma'a. Dabbobi kuma in ba za a iya kora su ba a kwance su daga turke, akuya ko saniya tana iya ceton kanta in ba a ɗaure take ba. Malaman tsangaya don Allah ku ma ku yi wannan lissafin, yara talatin ko hamsin a zaure ɗaya cikin dare ba wasa ba ne, a san ƙofar da za a bi da wanda zai ƙirga su.

Ƙetare ruwa kuwa, wannan na matasa ne da direbobi masu cewa ai na san hanyar, ai jiya ma na wuce. Hanyar da ka sani tana iya yiwuwa babu ita, ruwa ya cinye ƙarƙashin kwalbati ya bar kwalta a sama kamar ɓawon ƙwai. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa har manyan motoci yana tafiya da su, domin ruwa nauyi gare shi, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi tan guda ne cur. In ka zo ka tarar ruwa yana bin kan gada ka juya kawai, fasinjoji su yi ta surutu, ɗan acaɓa ya yi asarar ɗari biyar ɗin. In kuma tsautsayi ya sa mota ta mutu a tsakiya ruwa yana hawa, cire bel, sauke gilashi tun lantarkin motar bai ɗauke ba, a fara fitar da yara ta taga a hau saman motar, kada a tsaya kokawa da ƙofa don ruwan da ke waje ya danne ta. Kwale-kwale kuma in ka ga an loda mutane da babura da buhuna har bakinsa yana shafar ruwa, ko magariba ta yi, ka haƙura ka jira na gobe.

Zaftarewar ƙasa mutanenmu suna ɗauka abin ƙasashen duwatsu ne da muke gani a talabijin. Eh, manyan sun fi faruwa can, Freetown a Saliyo a Agustan 2017 mutum sama da 1,000 suka mutu, Bafoussam a Kamaru a Oktoban 2019 sama da 40 cikin dare, Mbankolo a Yawunde a 2023, kuma 'yan'uwanmu da ke zaune a garuruwan Kamaru a gefen tsauni suna cikin wannan haɗarin kai tsaye. Amma mu ma muna da namu, sai dai ba ma kiransa da sunan. Gaɓar kogi da ruwa ya rarake ta ƙasa, ramin da ake haƙar ƙasar gini ko yashi, bakin kwari irin na Gombe da gidaje suke tsaye a kansa, ramukan ma'adinai irin wanda ya rufta da mutane a Galkogo ta Shiroro a Yunin 2024 bayan ruwan sama. Kuskuren shi ne a ce ai ruwa ya ɗauke, a koma aiki. Ƙasa in ta sha ruwa tana ƙara nauyi kuma riƙon da ke tsakaninta yana saki, shi ya sa take iya zubowa bayan awanni ko washegari rana na haskawa. Bayan ruwa mai ƙarfi a bar rami ya kwana biyu, tifa ta jira.

Kuma tana nuna alama kafin ta zo. Tsaga sabuwa a ƙasa ko a bango, ƙofar da jiya take rufuwa lafiya yau ta ƙi, bishiya ko turken wuta ya karkata, ruwa yana tsattsafowa daga inda bai saba ba, ƙananan duwatsu suna gangarowa. In rafin da ke gangarowa daga tsauni ya koma jajawur farat ɗaya, ko ya ragu alhali ana ruwa, to wani abu ya tare shi a sama kuma zai ɓalle. Wanda ya ji ƙara kamar ta babbar mota daga sama kada ya gudu gangare, ƙasar ta fi shi sauri, ya yanka gefe ya fita daga hanyarta.

Gidan ƙasa ma haka ne, ba sai ruwa ya kai taga ba, in ya kwanta a gindin katanga kwana ɗaya ko biyu ya isa. Tsohon masallacin Zinder da ya haura shekara 150 a tsaye ya faɗi a Satumban 2024 saboda ruwan sama, ina ga ɗakin da ba a yi wa yaɓe ba shekara uku? A gyara indararo, a yi wa ruwa hanya ya bar gindin gini, ɗakin da ya jiƙe ko azararsa ta fara lanƙwasa kada a kwana a ciki ko da kuwa a rumfa za a kwana.

Maganar zuba shara a kwata in hadari ya haɗu don ruwa ya tafi da ita, da sayen fili mai araha a kan hanyar ruwa, kowa ya sani, an faɗa har an gaji. Abu ɗaya zan ƙara, kafin ka biya kuɗin fili je ka tambayi tsofaffin wajen inda ruwa ya tsaya a babbar ambaliyar da suka taɓa gani, dillali ba zai gaya maka ba.

Bayan ruwa ya janye ma ana asarar rayuka, saboda gaggawar komawa. Kada a taɓa mita ko soket da jiƙaƙƙen hannu ko ana tsaye cikin ruwa, wayar wuta da ta faɗi a ɗauka tana da wuta ko da an ce an ɗauke, sai mai gyaran wuta ya duba gidan kafin a kunna komai, janareto kuma a waje ba cikin ɗaki ba. A shiga da sanda da takalmi don macizai da kunamu su ma tudu suka nema, a Maiduguri har kadoji da macizai ruwa ya fitar daga gidan zu. A hana yara wanka a ruwan da ya kwanta, ruwan masai ne ya gauraya da shi, kuma shi ne ya shiga rijiyar gidan, don haka ko ta yi garau a ido sai an kwashe ta an zuba sinadarin kulorin, kafin nan ruwan sha a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya ko a sa maganin tsaftace ruwa na Waterguard. Hatsin da ruwa ya jiƙa ya yi funfuna a haƙura da shi. In wani ya fara amai da gudawa kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kwalara tana kashe babba cikin awanni, a haɗa ruwan gishiri da suga nan take, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi yana kurɓa a kan hanyar zuwa asibiti. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, amma a ajiye ta mai unguwa da ta wani jami'in hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) na yankinku ma a waya, kuma a rubuta su a takarda a sa cikin jakar.