Darasi na 9: Ƙwayar Tazarar Haihuwa Mai Haɗi Biyu

Yau malama ta zo aji da katin ƙwaya. A miƙa shi hannu zuwa hannu, kowa ta riƙe ta duba, amma kada a ɓalle ko ɗaya. Mu ƙirga tare. Layi uku na farko launinsu ɗaya, farare ko masu ɗan ratsin rawaya, bakwai a kowane layi, 21 ke nan. Layi na huɗu launinsa daban, yawanci ruwan ƙasa, guda 7. Jimla 28. Ku duba ƙananan kibiyoyin da ke jikin katin. Su ne suke nuna inda za a fara da inda za a bi, ko da mace ba ta iya karanta Turanci ba.

Ƙwayoyi 21 ɗin nan su ne maganin. Kowace ɗaya tana ɗauke da sinadari biyu, istirojin da furojestin, masu kama da waɗanda jikin mace yake yi da kansa. Shi ya sa ake ce mata mai haɗi biyu. Babban aikinta shi ne hana ƙwan mace fitowa a wata. Bakwai ɗin ƙarshe ba su hana ciki. A kati da yawa maganin ƙarin jini ne, an sa su ne don kada hannu ya manta da shan ƙwaya kullum, kuma a makonsu al'ada take zuwa. Akwai katin da 21 ne kawai a jikinsa. Mai shan irin wannan takan huta kwana 7, ba fiye ba, sannan ta buɗe sabo.

A asibitocin gwamnati a Najeriya an fi ba da Microgynon, a kemis kuma akan ga Combination 3. A Nijar mata sun san Sutura. A Amurka aka fara amincewa da wannan ƙwaya a 1960, kuma ta wancan lokacin ta fi ta yau ƙarfi nesa ba kusa ba. In mata 100 suka sha ta shekara guda ba fashi, da wuya a sami ɗaya ta yi ciki. Amma yadda ake sha a zahiri, yau a sha gobe a manta, kimanin 7 cikin 100 sukan ɗauki ciki.

Katin maƙwabciya

Ga wani misali da kowa a ajin nan ta taɓa ganin irinsa. Wata mai jego ce, jaririnta wata biyu, na gabansa bai cika shekara biyu ba. Maƙwabciyarta ta miƙo mata kati ta kan katanga, ta ce ita shekararta uku tana sha, ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Allah ya sa ranar rigakafin yaro ta zo kafin ta fara. Ta kwance bakin zane ta nuna wa nas.

"Sista, wannan aka ba ni. Da safe ake sha ko da dare?"

"Maman jariri, tsaya tukuna. Nono kawai yake sha?"

"Nono kawai."

"To wannan ba taki ba ce yanzu. Tana iya rage miki ruwan nono. Miƙo hannunki in auna jininki."

Nas ta naɗa mata abin awo a dantse, ta matsa, ta rubuta 150/95 a takarda. Ta tambaye ta ko ƙafafunta sun kumbura da tana da ciki. Ta ce sun kumbura, har takalmi ya daina shiga. Nas ta karɓe katin ta ajiye a durowa, ta ba ta wata ƙwayar mai sinadari ɗaya wadda ake ba masu shayarwa, ta ce ta dawo a sake awo.

Maƙwabciyar ba ƙarya ta yi ba, ƙwayar ta karɓe ta. Jikin ne ba ɗaya ba.

Mu koyi karanta wannan lamba, don za ta yi mana amfani har tsufa. Awon jini lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. 120/80 ana karanta shi ɗari da ashirin bisa tamanin, kuma lafiya lau ne. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a bar wannan ƙwayar a nemi wata hanya. In ya kai 160/100, ko kusa kada a je. Hawan jini ba ya sallama. Mace tana iya yin surfe da daka tana jin ƙarfinta, alhali jininta ya hau. Mai kemis ɗin da zai miƙo miki kati bai auna ki ba, bai tambaye ki komai ba, ciniki ya yi kawai.

Waɗanda za su haƙura da ita

Mai shayarwa ta jira sai jariri ya cika wata 6. Wadda ta haihu ba ta shayarwa ta jira aƙalla mako 3. In kuwa tiyata aka yi mata, ko jininta ya hau wajen haihuwa, ko ta daɗe a kwance, ta bari sai bayan mako 6, wato bayan an yi arba'in. Dalili shi ne jinin mai jego yana saurin daskarewa, istirojin kuma yana ƙara masa wannan hali.

Mace mai shekara 35 zuwa sama da take shan taba ba ta shan wannan ƙwayar. Kada kunya ta sa ki ɓoye wa nas, ko da shisha ce ta lokaci-lokaci, faɗa mata ta yanke hukunci. Haka wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko bugun zuciya, ko jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko a huhu. Haka mai sankarar mama, ko da ta warke. Haka mai ciwon hanta mai tsanani ko wadda shawara ta kama idonta ya yi rawaya, da mai ciwon matsarmama, da wadda ciwon suga ya daɗe a jikinta fiye da shekara 20 ko ya taɓa mata ido ko ƙoda.

Akwai wani ciwon kai da ya kamata mu tsaya a kansa, don mata da yawa suna da shi ba su san sunansa ba. Ɓari ɗaya yake kamawa, yana sara kamar ana buga ganga, da tashin zuciya, mai shi ba ta son haske ko hayaniya. A wasu matan, kafin ciwon ya sauka sai su ga wani haske yana walƙiya a gefen ido, ko layuka masu lanƙwasa kamar tafiyar maciji, ko wani ɓangare na abin da suke kallo ya ɓace na 'yan mintoci. Wadda take ganin wannan alamar, ko shekararta 18, wannan ƙwayar ba tata ba ce, saboda haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wadda take da ciwon ɓarin kan ba tare da alamar ido ba, ita ma ta bari in ta kai 35.

Wasu magunguna kuma suna karya ƙarfin ƙwayar, sai mace ta yi ciki tana tsaka da sha. Na farko maganin tarin tibi mai suna rifampicin, wanda yake mai da fitsari ja. Sai wasu magungunan farfaɗiya, irin su phenobarbitone da phenytoin da carbamazepine. Ba sai kin haddace sunayen ba. Zuba duk maganin da kike sha a leda, har na gargajiya, ki kai wa nas ta gani da idonta.

Duk wadda ta faɗa cikin waɗannan, ƙofa ba ta rufe ba. Akwai ƙwaya mai sinadari ɗaya, akwai allura, akwai ashanar da ake sawa a dantse, akwai robar mahaifa.

Abin da ake yi wa haƙuri

A wata biyu ko uku na farko jiki yana baƙunta. Za ki iya jin tashin zuciya kamar na sabon ciki. Maganinsa ki riƙa sha bayan tuwon dare ko dab da kwanciya, ki yi barci a kansa. Nono yakan yi nauyi ya yi ciwo. Akan yi ɗan ciwon kai ko jiri, paracetamol yana isa. Wata ta ga ta ɗan ƙara ƙiba, wata ta rame, wata ta riƙa jin haushi ba dalili. Yawancin waɗannan suna tafiya da kansu. In sun wuce wata uku suna damun ki, koma asibiti, ana iya canza miki wata.

Abin da ya fi tayar wa mata hankali shi ne jini. Al'ada takan ragu, ta kwana biyar ta koma uku, wani watan ma ba ta zo ba. Sai tsofaffin gida su ce jinin yana taruwa a ciki. Ba ya taruwa. Ƙwayar ce take sa shimfiɗar cikin mahaifa ba ta yin kauri, don haka abin da zai zuba kaɗan ne. Ga matan da haihuwa da zazzaɓin cizon sauro suka shanye wa jini, wannan riba ce. Amma in kin yi fashin sha sannan al'ada ta ƙi zuwa, ko ta ƙi zuwa wata biyu a jere, je a yi gwajin ciki. Ko da cikin ne, ƙwayar ba ta zubar da shi kuma ba ta nakasa jariri, sai dai a daina sha.

Akwai kuma ɗigon jini a tsakiyar wata, ɗan tabo a kamfai. Ba cuta ba ne, kuma ya fi samun mai sha yau da safe gobe da dare. Na san tambayar da ke bakinku, ta salla da azumi. Wannan ku kai wa malamar islamiyya, akwai babin jinin ciwo a littattafan fiƙihu, ita za ta warware muku. Jini mai yawa, ko wanda yake zuwa bayan saduwa, asibiti za a kai shi.

Ƙwayar ba ta kashe mahaifa. Mace tana dainawa za ta iya ɗaukar ciki a watan da ya biyo. An ma tabbatar tana rage haɗarin sankarar shimfiɗar cikin mahaifa da ta ƙwan mace. Sai dai ba ta kare kowa daga ciwon sanyi ko ƙanjamau, wannan aikin kwaroron roba ne.

Abin da ba a kwana da shi

Babban haɗarin ƙwayar shi ne gudan jini ya daskare a jijiya. Ba kasafai yake faruwa ba, ciki da jego ma sun fi ƙwayar kawo shi. Amma in ya zo ba ya jira.

In sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, kada a murza ta, kada a gasa da ruwan zafi, kada a kira wanzami. Murzawa tana iya sa gudan ya ɓalle ya tafi huhu. In kin ji ciwon ƙirji mai tsanani, ko numfashi ya gagara farat ɗaya, ko kin yi tari da jini. In kai ya sara irin saran da ba ki taɓa ji ba, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko magana ta harɗe, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya suka mutu. In ciki ya yi ciwo mai tsanani ko ido ya yi rawaya, ajiye ƙwayar, a nemi mota ko Keke a tafi asibiti a wannan sa'ar. Ɗauki katin ki tafi da shi. Ku karanta wa mai gida wannan sakin layin yau da dare, don ranar da abin zai faru wataƙila shi ne zai yi magana a madadinki.

Zama wuri ɗaya yana ƙara wannan haɗarin. Wadda za a yi wa babbar tiyata, ko ta karye aka yi mata ɗori za ta yi makonni a kwance, ta faɗa wa likita tana shan ƙwaya. Masu niyyar Hajji ko Umara da suke shan ta don ɗaga al'ada, su ga likita tun da sauran watanni, a auna jininsu, kada su saya ana gobe tashi. A cikin jirgi zuwa Jidda, ko a doguwar mota daga Kano zuwa Legas, a riƙa motsa ƙafa, a miƙe in an sami dama, a sha ruwa.

In an manta

Ɗaura shan ƙwayar a jikin abin da ba ya wuce ki, kamar sallar isha'i. Da azumi ki mai da shi buɗa-baki ko sahur. Wadda ta fara cikin kwana 5 na farkon al'ada ta sami kariya nan take. Wadda ta fara bayan haka, su yi amfani da kwaroron roba ko su haƙura kwana 7.

Kin manta ɗaya ko biyu? Sha ɗaya da zarar kin tuna, ki sha ta ranar a lokacinta, ko da biyu za su haɗu rana ɗaya. Kin manta uku ko fiye? Sha ɗaya, ki ci gaba kullum, sannan kwaroron roba ko haƙuri na kwana 7. In kun sadu cikin kwana 5 da suka wuce, tambayi nas maganin gaggawa na hana ɗaukar ciki. In mantuwar uku ko fiye ɗin a layi na uku ta faru, ki ƙarasa fararen, ki tsallake masu ruwan ƙasa, washegari ki buɗe sabon kati. In kin yi amai cikin awa 2 da sha, ki sha wata. Amai ko gudawa da suka wuce kwana biyu, ki ɗauka kamar kin manta uku. Ajiye katin inda rana da zafin murhu ba sa kaiwa, kuma inda hannun yaro ba ya isa, don masu ruwan ƙasan nan suna yi wa yara kama da alewa, ƙarin jinin da ke cikinsu kuwa guba ne ga ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa.

Aikin gida

Rubuta waɗannan da kalmomi a littafinki: 120/80, 140/90, 160/100. Ja layi a ƙarƙashin wanda mai shi za ta iya shan ƙwayar.

Zana katin ƙwaya, layi huɗu, da'ira bakwai a kowane layi. Wata mata ta manta ta 16 da ta 17 da ta 18. Sa alama a kansu, ki rubuta jimla uku a kan abin da za ta yi.

Kafin darasi na gaba, kowa ta biya ta asibitin unguwarsu a auna jininta, ko tana shan ƙwaya ko ba ta sha. Roƙi nas ta bar ki ki rubuta lambar da hannunki, ki zo da takardar aji.