Kafin ki yi rantsuwar shiga sororiti: kurakuran da na gaji da gani

Da zarar watan Agusta ya kama, sai saƙonnin ƙannenmu da suka samu gurbin karatu a Amurka su fara shigowa: "Anti, an ce in shiga sororiti, ya kike gani?" Shekara da shekaru kurakuran ba su sauya ba. Sororiti dai ƙungiyar 'yan mata ce ta jami'a, mai suna da haruffan Girka, wadda ake rantsar da mace a cikinta ta zama 'yar uwa har bayan kammala karatu. Na yi shekara uku a cikin ɗaya. Na ci moriyarta sosai, na kuma sha wahala a wuri biyu, kuma ni na jawo wa kaina.

Na farko kuɗi. Ranar da aka ba ni takardar gayyata, ana ihu ana rungume ni, ban tambayi ko sisi nawa zan biya ba. Kunya ta hana ni, kada a ce 'yar Afirka ba ta da hali. Ashe bayan kuɗin ƙungiya na kowane zango akwai kuɗin sabuwar shiga, kuɗin rantsarwa, kuɗin bajon da ake maƙalawa a ƙirji, riguna na kowane taro, kyaututtukan ƙanwar da za a ba ki daga baya, har da tara idan kika ƙi zuwa taron dole. A wasu jami'o'in ɗaruruwan daloli ne a zango, inda kuma akwai gidan ƙungiya da abinci ya haura dubu. Ni da nake da bizar ɗalibta, wadda ba ta yarda in yi aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu ba, sai ga ni ina bin bashi, ina ɓoye wa mahaifina. Wata huɗu ban yi barci mai daɗi ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, da na cire kunya na je wurin ma'ajiya, cikin minti goma ta raba min biyan wata-wata, ta kuma nuna min tallafin da asusun ƙungiyar ke bayarwa. Tun farko yana nan. Don haka, ƙanwata, ki nemi lissafin shekara guda a rubuce, ki mayar da shi naira ko sefa a farashin ranar, ki nuna wa mai biya miki. Idan suka yi ta kewaye-kewaye, ki kama gabanki.

Na biyu ya fi ciwo: na ɓoye ko ni wace ce. Zango guda cur ina sallah a ɓoye a ɗakin ajiyar kaya, ina ƙirƙiro uzuri duk daren da za a yi casu da ƙungiyoyin maza. Suka ɗauka girman kai ne da ni, ni kuma na ɗauka ba sa so na. Haba! Ta yaya za su girmama abin da ba ki faɗa musu ba? Sai da azumi ya zo, yayata ta ƙungiya (kowace sabuwa ana haɗa ta da babba mai kula da ita) ta tsare ni ta tambayi dalilin da ba na cin abincin rana. Na faɗa mata. Washegari mutum shida suka jira ni har faɗuwar rana muka ci tare. Tun ranar farko ki ce ba kya shan giya, ba kya cin naman alade, kina sallah sau biyar. Ki kuma tambaya ko akwai addu'o'in wani addini a bikin rantsarwa, domin wasu tsofaffin ƙungiyoyin suna da su, kuma ya fi ki sani kafin ki tsaya a layi. Idan hankalinki bai kwanta ba, akwai na Musulmi: Gamma Gamma Chi tun 2005, da Mu Delta Alpha da aka kafa a 2016 a Teksas, sai dai ba kowace jami'a ke da reshensu ba.

Da yawa kuma ba su san cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai 26 da ke ƙarƙashin wata babbar inuwa mai suna National Panhellenic Conference, kuma a dokarsu idan aka rantsar da ke a ɗaya, ba ki da damar shiga wata daga cikinsu har abada, ko da kin sauya makaranta. Akwai kuma huɗu na baƙar fata: Alpha Kappa Alpha da aka kafa a Jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris ke ciki, da Delta Sigma Theta a 1913, da Zeta Phi Beta a 1920, da Sigma Gamma Rho a 1922. Waɗannan sun fi nauyi wajen hidimar al'umma, kuma rassansu na tsofaffin ɗalibai suna aiki har tsufa. Kada ki zaɓa don launin riga ko bidiyon TikTok.

Ki yi wa iyaye bayani da kanki, domin a gida da an ji "ƙungiya" da "rantsuwa" sai hankali ya tafi ga 'yan asirin jami'o'inmu.

Duk wadda ta ce sai an wulaƙanta ki, ko an hana ki barci, ko an tilasta miki shan wani abu kafin ki zama 'yar uwa, ki kai ƙara ofishin kula da ɗalibai. Laifi ne a yawancin jihohi.

Kada taro ya cinye karatu. Makinki na faɗuwa ƙungiyar da kanta za ta dakatar da ke.

Sai wadda take biyan kuɗi amma ba a ganin ta sai ranar hoto, daga baya ta ce ba ta ga 'yan uwantaka ba. Zumunta a ƙafa take. Ni al'adata, duk mako nakan gayyaci mutum ɗaya da ban saba da ita ba mu sha shayi, wata rana in dafa dafa-duka in kira su. Na karɓi muƙamin sakatariya duk da tsoron Turancina, kuma a wajen taron tara kuɗin agaji na haɗu da tsohuwar 'yar ƙungiyar da ta rubuta min takardar shaida ta aikina na farko. Har yau duk Sallah sai ta kira ni, ta ce "Barka da Sallah" da Hausar da na koya mata.