Yadda za ka kafa gidan abinci na alfarma a bakin Tafkin Madarunfa

Duk ɗan kasuwar Maradi da ya taɓa zuwa Kwatano ko Lome ɗaukar kaya, ya zauna a gidan abincin da ke bakin teku, aka ajiye masa kifin da aka kamo da safe iska na kaɗa shi, ya san abin da ke sa mutum ya biya kuɗi masu yawa ransa bai ɓaci ba. Mu ba mu da teku, amma muna da Tafkin Madarunfa a kudu da gari, kuma ruwa a gaban ido, sabon kifi da natsuwa, duk ana iya samar da su a nan.

Ka fara zuwa duba fili a watan Agusta, lokacin da tafki ya cika ya batse, domin wurin da ka gani a bushe da bazara yana iya zama gidan kwaɗi da damina. Ka tuna kuma cewa wurin yana da alfarmarsa tun kafin ka zo, saboda kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta, don haka ka gaida sarakuna da malamai kafin ka nemi takarda daga ma'aikatar magajin gari, ka kuma cire kiɗa mai ƙara daga lissafinka.

Kifi shi ne jarinka. Ka ƙulla yarjejeniya da masunta biyu ko uku, su riƙa kawo maka karfasa da tarwaɗa tun da sanyin safiya, ka biya su nan take. Sabon kifi idonsa garau yake, kuma idan ka danna shi da yatsa naman zai dawo. Kada ka karɓi ƙanana, domin su ne kifin baɗi. Ka tanadi ƙanƙara da firigo mai aiki da hasken rana, tunda a watan Afrilu kifi ba ya jiran wuta ta dawo.

A wajen girki ne mafi yawan masu son zamani ke yin tuntuɓe, suna zaton sabon abu shi ne wanda aka kwaikwayo daga waje. A ganina, abin da za ka sabunta shi ne yawan abincin, da jerin yadda ake kawo shi, da kyan zubinsa, amma ɗanɗano ka bar shi inda iyayenmu mata suka ajiye shi. Ka buɗe da ɗan kwaɗon zogalen Jiratawa, ka marmasa cuku a kansa. Sai karfasa, wadda za a tsattsaga bayanta, a shafe ta da man gyada da lemun tsami da yajin ƙuli-ƙuli, a gasa ta a kan garwashin da ya daina hayaƙi har fatar ta yi ƙamas-ƙamas, a shimfiɗa ta a kan albasar Galmi da aka soya a hankali har ta yi laushi zaƙinta ya fito, a barbaɗa garin tattasan Diffa. Dambu ya zo a gefe cikin ƙaramin akushi mai murfin faifai, yadda idan baƙo ya buɗe tururi zai buge shi. Tarwaɗa kuwa farfesu ta fi so, da daddawa ta gaske, ba dunƙulen kanti ba. Wanda ba ya cin kifi, ka ajiye masa naman jar akuyar Maradi. Ka rufe da kunun aya mai sanyi, amma a riƙa yin sa kaɗan-kaɗan saboda yana saurin tsami.

Kafin kowane girki ya shiga takardar abinci, ka kai wa wata dattijuwa ta ɗanɗana. Idan ta ce, "Ɗana, wannan ai ba dambu ba ne," to ka koma madafa ba tare da gardama ba.

Ka ajiye tebura, amma ka ware rumfuna masu darduma da matasai saboda iyalai, da wurin alwala da salla mai tsafta. Ma'aikaci ya tarbi baƙo da "Sannu da zuwa, Alhaji" ko "Barka da isowa, Hajiya", ya kawo buta da tasa da ruwa mai ɗumi, domin karfasa da hannu ta fi daɗi. Farashi ya kasance a rubuce, kowa ya san jika nawa zai biya. Da yake tsakanin la'asar da magariba ne ruwa ya fi kyan gani, kuma daga nan sauro ke fitowa, ka sa raga a rumfunan tun wajen gini.

A watannin farko ka buɗe daga Juma'a zuwa Lahadi kawai, masu zuwa su kira waya su kama wuri tun jajibiri, domin ka san yawan kifin da za ka ce masunta su kawo.