Babi na Shida: Idan Babur Ya Ƙi Tashi da Safiyar Hunturu

Darasi na 1: Kafin ka taka kik

Tsakanin Disamba da Janairu, idan hunturu ya kankama, sai ka ga mutum ya ɗaura kaya bayan sallar asuba zai tafi kasuwar Wudil ranar Juma'a, yana ta taka kik har gumi ya keto masa, babur ko tari bai yi ba. Kada hankalinka ya tashi. Galibi babu abin da ya lalace. Fetur ba ya saurin zama tururi idan ƙarfe ya yi sanyi, tururin kuwa shi ne yake kamawa da wuta a cikin inji.

Fara da makullin mai. Yana ƙarƙashin tanki, kuma akwai rubutu a jikinsa. Harufa biyu, O da N, ma'anarsu a buɗe yake. O da F da F, a rufe yake. R da E da S shi ne ɗan man ajiya da ke ƙasan tanki. Sa yatsa ka bi harufan, ka karanta da ƙarfi, ba abin kunya ba ne. Girgiza babur ka ji motsin mai. Idan kaɗan ne, juya zuwa R, E, S. Sannan ka kunna makullin tayar da babur, ka sa giya a firi har koriyar fitila mai harafin N ta kama.

Darasi na 2: Cok

Kabureta ita ce take gauraya iska da fetur kafin su shiga inji. Cok kuwa ɗan ƙarfe ne da yake sa fetur ya rinjayi iska a gaurayen, domin injin mai sanyi ya samu abin kamawa. A wasu baburan yana hannun hagu, a wasu yana jikin kaburetar kanta. Yau idan ka koma gida ka nemi naka da rana tsaka, ka ja shi, ka mayar, sau biyar, har hannunka ya san ɓangaren ja da ɓangaren mayarwa ko a cikin duhu.

Da safe sai ka ja cok. Ɗauke hannunka daga totur. Taka kik har ƙasa, sau biyu ko uku. Idan ya tashi, bar shi ya yi gurnaninsa kamar minti ɗaya ko biyu. Da zarar ka ji muryar injin ta daidaita, mayar da cok.

Mayar da cok. Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe. Murnar babur ya tashi ta sa mutum ya ɗare ya kama hanya, cok yana nan a jaye. Wani ɗalibinmu ya yi haka, ya dawo yana cewa an sayar masa da mugun mai. Muka kwance fulogi a bakin aji, ga shi baƙi ƙirin kamar an tsoma shi a gindin tukunya, na goga a tafin hannuna kowa ya ga kunkunniyar. Man lafiyarsa ƙalau. Kwana uku yana yawo da cok a jaye, salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, tanki yana ƙarewa da wuri. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wa yake da fetur ɗin zubarwa?

Mu sake. Ja cok, bar totur, taka kik, jira, mayar da cok. Rubuta kalmomi uku na ƙarshe a littafinka sau goma: mayar da cok. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya rubuta sau biyar, sannu sannu, ya isa. Kafin ka sa giya ta ɗaya, kai hannu ka taɓa cok ka tabbata ya koma.

Kuma don Allah a daina murza totur kamar ana wasa wuƙa alhali injin bai yi ɗumi ba. Baƙin mai yana kwance a ƙasa, bai gama zagaye injin ba. Na faɗa a ajin bara, na faɗa a na bana, har yanzu ina jin wasunku da asuba. Masu kara wutar kara a gindin inji wai don ya ji ɗumi kuwa, ku ji tsoron Allah, tankin fetur ne a samansa.

Darasi na 3: Idan mai ya yi wa inji yawa

Ka taka ka taka, kana jin warin fetur, bai tashi ba: mai ya jiƙa fulogi. Mayar da cok tukuna. Buɗe totur gaba ɗaya, a nan kaɗai aka yarda, ka taka sau biyar ko shida. Idan ya ƙi, kwance fulogi da sifanarsa, ka goge, ka bari ya bushe. Bakinsa idan ruwan ƙasa ne, lafiya lau. Baƙi, mai ya yi yawa, ka tambayi kanka ko ka mayar da cok jiya. Fari fat, mai ya yi kaɗan, sai bakanike.

Darasi na 4: Ruwa a kabureta

Man kwalba na bakin hanya wani lokaci yakan zo da ruwa ko datti. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasan kabureta. Rufe makullin mai, tara gwangwani, sassauta sukurun da ke can ƙasa da sukundireba har abin da ke ciki ya tsiyaye. Ɗaure, buɗe mai. Ban da taba sigari a wurin.

Darasi na 5: Matatar iska

Ƙurar hunturu tana toshe soson matatar iska. Cire shi ka wanke da kananzir, ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan. Idan ta takarda ce, ba a wankewa, sai a sake sabuwa.

Darasi na 6: Silo

Idan babur yana mutuwa da ka saki totur ko bayan ya yi zafi, kai wa bakanike ya daidaita silo, wato gurnanin inji idan ba a murza totur ba, ya wanke jet, ɗan ƙarfe mai siririn rami da fetur yake bi a cikin kabureta. Kada ka tsokane ramin jet da waya ko allura.